Shago A Cikin Aljihu

Yau za mu leƙa Tamale, babban birnin Yankin Arewacin Ghana, domin mu duba wata sana'a da ta shigo gidajenmu ba tare da sallama ba, wadda har yanzu iyaye da dama ba su tantance ko sana'a ce ko zaman kashe wando ba.

Duk wanda ya san Tamale ya san gari ne na masu neman na kansu. Daga kasuwar Aboabo zuwa Zangon Hausawa, ga maɗinkan batakari, ga dukawa, ga maƙera, ga mata masu man kaɗanya. To, yanzu an sami wani rukuni na masu sana'a waɗanda ba su da rumfa. Wani katin gayyatar aure da na suna yake tsarawa, wata bidiyon biki take haɗawa, wani hoton hajar 'yan kasuwa yake ɗauka domin a tallata ta a WhatsApp, wani kuma fassara yake yi daga Turanci zuwa Dagbanci ko Hausa ga ƙungiyoyin agaji da suka yi yawa a garin. Wasunsu sun gama Jami'ar UDS, wadda aka kafa a 1992, suka jira aikin albashi har suka gaji. Jarinsu wayar salula ce, sai mai hali ya haɗa da kwamfutar cinya. Ladan aikinsu ma ta wayar yake zuwa, tun da kamfanin MTN ya fara hidimar aika kuɗi ta MoMo a Ghana a 2009. Harajin da gwamnati ta ɗora wa irin wannan aike a 2022 ya ci musu tuwo a ƙwarya, kafin a soke shi a 2025.

Kada wani uba ya raina wannan nema. Cin abinci da alƙalami tsohon abu ne a wannan ƙasa. Alhaji Umaru, Bakanon malamin nan da ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete Krachi, inda ya rasu a 1934, har littafi ya wallafa a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Alƙalamin ne kawai ya sake kama.

Sai dai akwai wani bambanci babba, kuma a nan gizo ke saƙar. Keken ɗinki ba ya kiran tela hira. Guduma ba ta ba maƙeri labarin ƙwallo. Amma kayan aikin wannan yaro su ne kuma dandalinsa, su ne gidan kallonsa, su ne majalisar abokansa. Ya buɗe waya domin ya aika wa mai aiki samfurin kati, sai ya tarar da saƙonni arba'in a zauren abokan makaranta. Kafin ya farga, wani gajeren bidiyo a TikTok ya ja wani, la'asar ta yi, kati na nan yadda yake.

Ba raunin yaron kaɗai ba ne, don haka aka gina abin. Wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin ne ake danganta wa dabarar nan ta shafin da ba ya ƙarewa, wanda kana ja sabon abu na ɓullowa. A 2006 ya fito da ita, daga baya kuma ya fito fili ya nuna nadama. Kamfanonin da talla suke rayuwa, tallan kuwa da yawan mintocin da ido ya yi a kan allo ake sayar da shi. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya ta yi shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci ke tsayawa kan abu guda a allo kafin ya juya. A 2004 ta sami kimanin minti biyu da rabi. A binciken shekarun baya-bayan nan ya koma daƙiƙa 47. Ma'aikacin ofis ke nan, mai shugaba a kansa. Ina ga wanda ke zaune a ɗakin soro, babu mai ce masa kanzil?

A ganina wannan rashin ubangida shi ne babbar asarar da ba a lissafawa. Yaron da aka kai koyon ɗinki yana da lokacin buɗe shago da na rufewa, yana da maigida mai warware masa ɗinki idan ya karkace. Mai aikin waya shi ne maigida, shi ne yaron shago, shi ne mai bin bashi. Kuma ba zai iya kashe wayar ya huta ba, domin ta ƙofar da shagala ke shigowa ta nan ciniki ke shigowa.

Wanda ke son ya ga inda darajar aiki take, ya dubi Ibrahim Mahama, ɗan Tamale da aka haifa a 1987, wanda ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a garin a 2019. A 2024 ya lulluɓe wani sashe na ginin Barbican da ke Landan da wani makeken ƙyalle mai ɗauke da tsofaffin batakari. Duniya a waya ta ga hotunan, amma ɗaruruwan masu sana'a ne suka zauna a filin wasan Tamale suka ɗinka shi da hannu. Hoton daƙiƙa guda ake kallonsa, zaman da ya haife shi kuwa babu wanda ya ƙirga.

Ga kuma wani sabon abokin gasa. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna zana fasta cikin ƙiftawar ido. Mai aikin shafa-mu-lera kasuwarsa ta kusa tashi. Abin da zai riƙe ɗan Tamale shi ne sanin gida: rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai, sanin sunan wane dattijo ke gaba a katin aure, sanin hoton da bai dace a yaɗa ba ko da an ɗauka. Wannan kuwa sai da natsuwa.

Mu ma iyaye muna da namu kason. Muna ganin yaro a zaune sai mu ce ba ya komai, a aike shi cefane, a aike shi ɗauko ƙanensa a babur. 'Ya mace nata ya fi tsanani, domin tana tsakiyar haɗa bidiyo za a ƙwala mata kira daga madafa. Da rana ta ƙwace, sai su koma aikin dare, lokacin da gida ya yi tsit kuma data ta fi araha, asuba ta same su a sheme. Sai mu ce waya ta lalata su.

Maganin da na ga ya fi kama hankali shi ne gida ya yi wa sana'ar abin da kasuwa ke yi wa shago. A yanka mata lokaci, misali daga hantsi zuwa azahar, wanda babu aike a cikinsa, shi kuma ya toshe duk wata ƙarar saƙo. Ya sanar da masu ba shi aiki cewa bayan azahar da bayan la'asar yake amsawa; mai son aiki mai kyau zai jira. Ya karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, domin "zan turo maka" ta cinye gumin matasa da yawa. Ya kuma ajiye littafi na takarda, mai ɗauke da sunan mai aiki da lambarsa da ranar alkawari. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Ghana ta yi kwanaki cikin wahalar sadarwa, kuma wanda komai nasa ke sama ya ji a jikinsa.

Littafin nan yana da wani amfani ga uba da uwa. Maimakon tambayar "me kake yi a waya tun safe?", wadda ba ta haifar da komai sai ɓacin rai, a ranar Juma'a sai a ce ya kawo littafin a duba tare: aiki nawa aka karɓa, nawa aka miƙa a kan lokaci, sidi nawa suka shigo, nawa suka tafi sayen data.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.