Gwiwar Asisat Oshoala Da 'Yar Da Ke Cikin Gidanka

Yau maganar tawa da kai ce, uba, da ke, uwa, waɗanda Allah Ya ba ku ɗiya mace mai son guje-guje da tsalle-tsalle, wadda da zarar ta hangi yara suna buga ƙwallo sai ƙafarta ta fara ƙaiƙayi. Na san abin da akan ce mata a gidaje da yawa: ki natsu, ke mace ce, kada ki karye, kada ki ja wa kanki abin da zai hana ki haihuwa. Ba na shakkar cewa ƙauna ce ke sa a faɗi haka. Amma ra'ayina shi ne an sa tsoron a inda bai dace ba. Don in nuna maka dalili, zan ɗauko rayuwar wata 'yar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, Asisat Oshoala, har da ranar da gwiwarta ta ci amanarta a gaban duniya.

An haifi Asisat a Ikorodu ta jihar Legas ranar 9 ga Oktoba, 1994, a gidan Musulmi. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba, karatu suke so ta yi, kuma ta sha faɗa a gida saboda wannan wasa. Ta fara da ƙungiyar FC Robo a Legas, daga nan ta koma Rivers Angels ta Fatakwal. A 2014, tana da shekara 19, ta je Kanada gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Ƙwallo bakwai ta ci, huɗu daga ciki a wasa guda da Koriya ta Arewa. Jamus ta doke Najeriya da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe, duk da haka ita aka ba kyautar wadda ta fi kowa zura ƙwallo da ta wadda ta fi kowa iya wasa.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. Ta tafi Liverpool a 2015, Arsenal a 2016, sannan Dalian ta ƙasar Sin a 2017, kafin Barcelona ta ɗauke ta a farkon 2019. A wannan shekarar ta ci ƙwallo a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, wanda Lyon ta yi nasara da ci huɗu da ɗaya, ta zama mace ta farko daga Afirka da ta yi haka. A 2021 Barcelona ta ɗauki kofin tana cikin ƙungiyar. Sau shida ana zaɓenta gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka: 2014, 2016, 2017, 2019, 2022 da 2023.

Wannan shi ne ɓangaren da jaridu ke son bugawa. Mu a nan filin lafiya, ɗaya ɓangaren ya fi shafar mu. Tun shekararta ta farko a Liverpool ciwon gwiwa ya zaunar da ita kusan wata biyu. Sannan ranar 4 ga Yuli, 2022, a wasan farko na Najeriya a gasar kofin Afirka ta mata a Maroko, wanda Afirka ta Kudu ta ci biyu da ɗaya, ta ji rauni a jijiyar gefen gwiwarta. Gasar ta ƙare mata ke nan daga wasa ɗaya. Washegari kuma, a Ingila, abokiyar wasanta a Barcelona, Alexia Putellas ta Sifaniya, wadda a lokacin ita ce gwarzuwar duniya, ta tsinke jijiyar tsakiyar gwiwa a wajen atisaye, ana gobe za a buɗe gasar ƙasashen Turai.

Ka lura da bambancin waɗannan raunuka biyu, domin nan ne darasin yake. Gwiwa mahaɗar ƙasusuwa ce da wasu jijiyoyi masu ƙarfi kamar igiya suke ɗaure da ita. Akwai ta gefen ciki, wadda likitoci ke kira MCL. Ita tana samun jini sosai, don haka galibi takan warke ba tare da tiyata ba, in an tallafe gwiwar da abin ɗauri, aka huta, aka bi atisayen da masu gashin ƙashi suka tsara. Ita ce ta samu Asisat, kuma kafin shekarar ta ƙare ta koma fili. Akwai kuma ta can tsakiya, wadda ake kira ACL, mai hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. In ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ba. Ɗan wasan da ke son komawa fili yakan buƙaci tiyata, sannan wata tara zuwa shekara guda na jinya da atisaye. Putellas ba ta sake taka ƙwallo a gasa ba sai ƙarshen Afrilun 2023. Ga mai kallo daga waje, duka biyun ciwon gwiwa ne da kumburi. Sai an duba da ilimi ake gane wanne ne wanne.

To ga gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba: tsoronka na rauni yana da tushe. Bincike ya daɗe da nuna cewa mata 'yan ƙwallo sun fi maza tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, ninki biyu ko fiye. Mafi yawan lokuta kuma ba wanda ya taɓa yarinyar. Ta yi tsalle ne ta diro da ƙafa a miƙe, ko ta juya da sauri ƙafarta na kafe a ƙasa, gwiwar ta lanƙwashe ciki. Masana na danganta wannan da yanayin ƙugu da gwiwar mace, da raunin naman bayan cinya idan aka kwatanta da na gaba, da yadda 'yan mata kan dira bayan sun balaga. Akwai kuma dalilin da mu muka jawo: namiji tun yana ɗan shekara biyar yake guje-guje ba mai hana shi, ita kuwa mace ana ta tsawatar mata, sai ta zo wasa da jikin da bai samu horo ba, a fili mai ramuka, da takalmin aro.

Abin farin ciki shi ne wannan haɗari yana raguwa da abu mai sauƙi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+. An gwada shi a ƙasar Norway a kan 'yan mata kusan 1,900 masu shekara 13 zuwa 17, aka buga sakamakon a 2008: raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ya buƙatar na'ura ko kuɗi. Sassarfa ce, da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, da tsugunno da miƙewa, da ƙarfafa naman ciki da na bayan cinya, da koyon dira a hankali, gwiwa a ɗan lanƙwashe tana saitin yatsun ƙafa. Aƙalla sau biyu a mako ake so a yi shi. In 'yarka tana wasa a makaranta ko a wata ƙungiya, tambayi mai horar da su ko suna yin irin wannan kafin su fara. Amsar da ya ba ka za ta nuna maka hannun da ka saka 'yarka a ciki.

In kuma raunin ya faru, abin da kuka yi a kwana biyun farko yana da nauyi ƙwarai. A tsayar da wasan nan take. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a rana, a ɗaure gwiwar ba da matsi ba, a ɗaga ƙafar a kan matashi. Kada a gasa da ruwan zafi a waɗannan kwanaki, kada a murza, kada a ja. Na san al'adarmu, da an ce targaɗe sai a nufi gidan mai ɗori. Ba na raina sana'ar da aka gada kaka da kakanni, amma hannu ba ya ganin jijiyar da ke can cikin gaɓa, kuma jan gwiwar da jijiyarta ta yage ƙari ne a kan ɓarna. In yarinyar ta ce ta ji ƙara a gwiwar lokacin da ta faɗi, ko gwiwar ta kumbura cikin 'yan sa'o'i, ko ta kasa taka ƙafar, ko tana cikin tafiya gwiwar ta sake ta, ko ta ƙi miƙewa, to a kai ta wurin likitan ƙashi, irin waɗanda ake samu a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da manyan asibitocin koyarwa. Ka kuma sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum ƙashi yake nunawa. Yana iya fitowa lafiya lau alhali jijiya ta tsinke, shi ya sa wani lokaci likita ke neman hoton MRI. Gwiwar da aka bari tana gocewa takan cinye guringuntsinta, sai ka ga mace ba ta kai arba'in ba tana fama da amosanin gaɓa, sallah ma sai a zaune.

Saura maganar haihuwa. Gudu da ƙwallo ba sa lalata mahaifa, ba sa hana ɗaukar ciki, kuma budurci ba abu ne da tsalle ke ɗauke wa yarinya ba. Alex Morgan ta Amurka ta haihu a watan Mayun 2020, shekara ta zagayo tana buga gasar Olamfik. Tun 2021 dokar FIFA ta wajabta a ba 'yar wasa hutun haihuwa na aƙalla mako 14, domin iyaye mata sun yawaita a fili. Inda ya kamata uwa ta sa ido shi ne abinci da jini. Yarinyar da ke zubar da jinin al'ada kowane wata, tana kuma motsa jiki sosai, tana buƙatar sinadarin ƙarfe fiye da ɗan'uwanta namiji. A ba ta wake, zogale, alayyafo, hanta, nama ko kifi gwargwadon hali, a haɗa da lemo ko tumatir, a kuma raba shan shayi da lokacin cin abinci, domin shayi na rage shigar sinadarin cikin jiki. In tana yawan haki, jiri, ko cikin idonta ya yi fari, a gwada jininta. In al'adarta ta ɗauke wata uku tana tsaka da atisaye mai tsanani, kada a ɗauka ƙarfi ne. Sau da yawa alama ce cewa abin da take ci bai kai abin da take ƙonawa ba, kuma ƙashinta ne zai biya bashin. Wannan ma na likita ne.

Wani zai ce, to sutura fa, da cuɗanya da maza? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta amince a yi wasa da ɗankwali ko hijabi, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da nata. Makarantun 'yan mata suna da filaye, akwai malamai mata, akwai dogon wando da riga mai yalwa. Wani kuma zai ce karatu fa? Nan ina tare da iyayen Asisat. Cikin dubban 'yan mata da ke buga ƙwallo, ƙalilan ne za su ci abinci da ita, kuma rauni ɗaya na iya rufe wannan ƙofar a rana guda. Don haka kada a saki littafi saboda ƙwallo. Amma yarinya na iya riƙe duka biyun, kuma ba sai ta yi niyyar zama Asisat ba kafin motsa jiki ya amfane ta.

Domin haɗarin da ya fi girma, wanda ba ma jin tsoronsa, shi ne zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ko yarinya daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar minti 60 na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga kowace rana. A wani bincike da ta fitar a 2019, kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata masu tasowa a duniya ba sa kai wannan. Kakanninmu mata ba su san filin ƙwallo ba, amma sun yi daka da surfe da niƙa, sun ɗebo ruwa daga rijiya, da dare kuma sun yi gaɗa a dandali. A birane yau inji ya karɓi turmi, adaidaita-sahu ta karɓi tafiya, waya ta karɓi dandali, ba mu kuma ba 'yan matanmu wani abu a madadin ba. Mafi yawan ƙarfin ƙashin da mace za ta rayu da shi a shekarun tasowa ake gina shi, kuma gudu da tsalle ne ke gina shi. Hawan jini da ciwon suga da ke addabar iyayenmu mata a shekara hamsin, sau da yawa tun suna 'yan goma sha biyar aka fara share musu hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shekara guda bayan raunin Maroko, ranar 27 ga Yuli, 2023, a birnin Brisbane, Asisat ta shigo daga benci ta ci wa Najeriya ƙwallo ta uku a ragar Ostireliya mai masaukin baƙi, aka tashi uku da biyu. Da wannan ta zama mace ta farko daga Afirka da ta ci ƙwallo a gasar kofin duniya uku. Gwiwar da ta ji rauni ita ce ta kai ta bakin wannan raga, saboda an gano ciwon da wuri, an ba shi magani da lokacin da yake buƙata.

Saboda haka, in gobe 'yarka ta zo ta ce tana so ta shiga wasan makaranta, kada ka amsa da tsawa. Je ka ga filin da idonka, ka san mai horar da su, ka saya mata takalmi daidai ƙafarta, ka gindaya mata sharaɗin karatu da na sutura yadda gidanka ya saba. In ba ta son ƙwallo, a ba ta igiyar tsalle a tsakar gida. Ke kuma uwa, ki riƙa tambayarta al'adarta da abin da ta ci, kuma in kin samu sarari ki fito ki yi tattaki tare da ita. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya raya mana zuri'a.