Daga Teburin Malami: Adon Zamanin Biktoriya da Sanyin Ingila

 

A wannan wata ne katunan gaisuwa suke yawo, waɗansu na takarda, waɗansu kuwa ta waya. In kun lura, hoton da ke jikin da yawa daga cikinsu kusan iri ɗaya ne. Ga dusar ƙanƙara ta rufe gidaje fari fat, ga keken doki, ga fitila bisa dogon ƙarfe a bakin titi, ga namiji da doguwar malafa da mace da riga mai faɗi har ƙasa, ga kuma taga ta yi ja saboda wutar da ke ci a ciki. Yara sukan ɗauka hoton Baitalami ne. A'a, hoton Ingila ne a zamanin Sarauniya Biktoriya. A kan wannan zamani nake so mu yi hira, gama akwai abin koyo a bayan adon nan.

Biktoriya ta hau gadon sarauta a 1837 tana da shekara 18, ta rasu a 1901. Cikin waɗannan shekaru Ingila ta cika da masana'antu da jiragen ƙasa, aka gina dubban gidaje na jan bulo a jere, da majami'u masu tsinin hasumiya da tagogin gilashi mai launi. Itacen Kirsimati ma a lokacin ya bazu. Mijinta Albert Bajamushe ne, al'adar kuwa ta ƙasarsu ce, da wata jaridar Landan ta buga hoton iyalin sarauniya kewaye da itacen a 1848 sai kowa ya ce shi ma zai yi. Mu ma zamanin nan bai bar mu ba. Rowland Bingham da abokansa biyu da suka sauka Ikko a 1893, da Likita Miller da ya shigo ƙasar Hausa a 1900, duk a cikinsa aka haife su aka rene su, da yawa kuma daga waƙoƙin da muke rairawa da Hausa ran Lahadi a waɗannan shekaru aka tsara su.

Bayan rasuwar sarauniyar, jikokin mutanen suka raina kayan kakanninsu, suka ce tarkace ne, aka yi ta rushe gine-gine. Daga baya sha'awar ta komo. A 1958 aka kafa wata ƙungiya a Landan domin tsare gine-ginen zamanin Biktoriya. Tashar jirgin ƙasa ta St Pancras, wadda aka buɗe a 1868, saura kaɗan a rushe ta, sai mawaƙin nan John Betjeman da abokansa suka tsaya kai da fata, har gwamnati ta sa ta cikin gine-ginen da doka ke tsarewa a 1967. Yau mai neman gida a Ingila yakan yi murna in ya tarar da tsohon murhu da tsohon daɓen ƙofa ba a taɓa su ba. Ni ma ina cikin masu sha'awar nan. Amma in mutum ya dubi kayan ɗaya ɗaya, zai ga yawancinsu sanyi ne ya haife su.

Bari mu fara da sanyin kansa. Mu nan mun san lokatanmu. Damina ta wuce, kaka ta zo, hunturu ya biyo, sa'an nan bazara. Ingila kuwa a kan tsibiri take, iska tana zuwa mata ta kowace fuska. In ta taso daga yamma, ta kan Tekun Atlantika, sai ta kawo ruwa da ɗan ɗumi. In ta juya ta fito daga arewa ko daga gabas, wajen Rasha, sai ruwa ya daskare a cikin famfo. Juyin nan yana iya faruwa cikin kwana ɗaya. A watan Disamba kuma rana takan faɗi a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, hasken yini bai cika awa 8 ba. Dusar ƙanƙarar da muke gani a kati ma ba kowace shekara take sauka ran Kirsimati ba. Shekarun da ta rufe yawancin ƙasar a ranar kaɗan ne, kamar 1981 da 2010. Marubucin nan Charles Dickens, wanda labaransa suka manna wa duniya wannan hoto, an haife shi a 1812, ya yi ƙuruciyarsa a shekaru masu tsananin ɗari. A 1814 Kogin Tems ya daskare har aka ci kasuwa a kansa. Abin da ya gani yana yaro shi ya rubuta.

To, yanzu mu shiga gidan. Tun daga bakin ƙofa akwai ɗan ƙarfe da aka kafa domin kankare taɓo daga takalmi. Daɓen zauren mai zane-zane, an yi shi da gasasshen yumɓu domin a iya wanke laka da sauri. Labulen karammiski mai nauyi da ke taga, da wanda aka rataya a bayan ƙofa, aikinsu tare iskar da ke shigowa ta tsaga. Dardumar ƙasa tana hana sanyi hawowa ta katako. Ɗakunan ƙanana ne, kowanne da ƙofarsa da murhunsa, domin wutar kwal ba ta iya ɗumama babban fili, wanda ke kusa da ita fuskarsa takan yi zafi bayansa yana rawar ɗari. Saboda haka ne aka yi kujeru masu dogon baya da kunnuwa. Gado yana da labule, mai barci yana da hula, a ƙarƙashin bargo kuma akwai tulun yumɓu cike da ruwan zafi. Har butar shayi an ɗinka mata riga. Launuka masu duhu da suke so suna ɓoye baƙin hayaƙi, murfin gilashin da suke kifawa bisa agogo da furanni kuwa domin toka ne. Uwar gida takan zauna da allura ta yi wa kowane abu ado, amma kafin ado akwai amfani.

Sai dai ɗumin nan wani ne yake biyan kuɗinsa da jikinsa. A ƙidayar 1891 mata fiye da miliyan ɗaya ne suke aikin barantaka a gidajen Ingila da Wales. Yarinya takan tashi tun da asuba cikin duhu, ta kwashe toka, ta goge murhu, ta hau bene da bokitin kwal sau da yawa a yini, da dare kuma ta kwanta a ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, inda sau da yawa babu wuta. Bututun hayaƙi kuwa ƙananan yara ake turawa ciki su share, gama babba ba ya shiga. A 1875 wani yaro mai suna George Brewster ya maƙale cikin bututun wani asibiti kusa da Kambirij, ya mutu. Lord Shaftesbury, mutum mai tsoron Allah wanda ya daɗe yana faɗa a kan wannan, ya kai maganar majalisa, a shekarar aka yi dokar da ta kashe wannan sana'a ta yara.

Hayaƙin da ya fita kuma bai tafi ko'ina ba. In iska ta kwanta, sai ya gauraya da hazo ya zauna bisa Landan, rawaya, mai kauri, har mutum ba ya ganin ƙafarsa. A Disamba 1873 irin wannan hazo ya shaƙe shanun da aka kawo nuni a birnin. Abin ya ci gaba har bayan zamanin sarauniyar. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 hazon ya rufe Landan, aka fara ƙirga mutum 4,000 da suka mutu, bincike na baya kuwa ya ce sun kusa 12,000. Sai a 1956 aka yi dokar tsabtace iska. Mai sha'awar fitilar da ke haskawa cikin hazo a jikin kati, ya tuna kyan ɗan maciji ne.

Akwai wani abin kirki da zamanin ya bar wa duniya, watau faɗin yanayin gobe. A daren 25 zuwa 26 ga Oktoba 1859 wata guguwa ta fasa jirgin ruwa mai suna Royal Charter a gaɓar Wales. Daga Ostareliya yake komowa, saura kaɗan ya isa gida, mutum wajen 450 suka hallaka. Robert FitzRoy, tsohon kyaftin ɗin jirgin ruwa wanda aka ba shi ofishin lura da yanayi a 1854, ya ce da an yi gargaɗi da an tsira. Ya sa ana aiko masa labarin iska da ma'aunin nauyinta daga tashoshin bakin teku ta wayar tangaraho kowace safiya. A 1861 aka fara ɗaga alamu a tashoshin jiragen ruwa in guguwa tana tafe, ran 1 ga Agusta na shekarar kuma jarida ta buga hasashensa na farko domin jama'a. Ya kuma rarraba ma'aunin iska ga ƙauyukan masunta. In hasashen bai yi daidai ba, a yi masa dariya. Bayan rasuwarsa a 1865 aka dakatar da gargaɗin, amma masunta da matuƙa suka yi ta kuka har aka maido shi. Su sun san darajarsa, domin su ne suke binne 'yan'uwansu.

Duk da haka sanyi bai daina yi musu ba-zata ba. Ran 18 ga Janairu 1881 dusar ƙanƙara ta binne jiragen ƙasa a kudancin Ingila. A 1891 watan Fabrairu ya wuce kusan babu ruwa, sai ga shi ran 9 ga Maris, lokacin da tumaki suke haihuwa, guguwar ƙanƙara ta auka wa Devon da Cornwall kwana huɗu, ta kashe mutum wajen 200 da dabbobi wajen 6,000. A Fabrairu 1895 sanyi ya kai digiri 27 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa a Braemar ta Sikotland. Wanda ya tara kwal da abinci tun da wuri ya rufe ƙofarsa ya jira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma wanda ba shi da ƙofar rufewa fa? Thomas Barnardo ya zo Landan a 1866 domin ya koyi aikin likita ya tafi bishara ƙasar Sin. Sai ya tarar da yara suna kwana bisa rufin gidaje da cikin kwalbatoci, ya fasa tafiyar. A 1870 ya buɗe gidan yara maza a unguwar Stepney. Wata rana wani yaro ɗan shekara 11 mai suna John Somers ya zo neman wurin kwana, aka sallame shi domin gidan ya cika. Bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa, yunwa da sanyi sun kashe shi. Daga ranar Barnardo ya rataya allo a ƙofa cewa ba za a ƙara mai da yaron da ba shi da kowa ba. Sa'ad da ya rasu a 1905, gidajensa sun kai 96.

Katin Kirsimati na farko ma ya san wannan. Henry Cole ne ya sa aka buga shi a Landan a 1843, guda 1,000, kowanne sule ɗaya. Babu dusar ƙanƙara a jikinsa. A tsakiya iyali ne suna biki, a gefe ɗaya ana ciyad da mayunwata, a ɗaya gefen ana tufasar da matalauta. Da shekaru suka wuce sai masu buga kati suka riƙe tsakiyar, suka yar da gefen biyu.

Jikokinsu na yau suna da wutar lantarki da gas, da na'urorin da ke hango guguwa daga sama, amma tsofaffin gidajen nan masu kyau suna da wuyar ɗumamawa, gama bangonsu yana zubad da zafi. A ƙarshen Fabrairu 2018 iskar gabas ta sake rufe hanyoyi da makarantu. A sanyin 2022, da kuɗin gas ya hau, majami'u da ɗakunan karatu da yawa a Ingila suka buɗe ƙofofinsu da rana domin tsofaffi da marasa ƙarfi su shigo su ji ɗumi su sha shayi. Wannan shi ne gadon Barnardo, ya kuwa fi kowane labule kyau.

'Yan'uwa, son abu mai kyau ba laifi ba ne. Allah ne ya yi furanni, shi ne kuma ya ba Bezalel gwaninta domin adon alfarwa. Uwar gida ta yi wa ɗakinta ado, ta rataya katunanta, yara su yi murna. Amma ku buɗe Karin Magana 31:20-21 a sujadar iyali ta wannan mako. Macen kirkin da aka yaba a wurin, sanyi bai ba ta tsoro ba domin ta riga ta shirya wa iyalinta sutura, hannunta kuma a miƙe yake ga matalauta. Ayoyin biyu suna manne da juna. Ku haɗa da Yakubu 2:15-16, inda aka tsauta wa mai sallamar ɗan'uwa da fatan alheri kawai alhali yana ganinsa cikin tsiraici.

Namu hunturun bai kai nasu ba, amma yana kwantar da jarirai da tsofaffi da ciwon haƙarƙari. A fito da rigunan sanyi da barguna tun yanzu. Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ruf, gama hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa, kamar yadda hayaƙin kwal ya yi a Landan. Sa'an nan kowane gida ya duba akwatinsa, rigar da yaro ya fi ƙarfinta da bargon da ba a shimfiɗawa, a kai wa gwauruwar da ke unguwa ko yaran da ke kwana a tasha. Zumuntar mata da matasa za su iya tattara su kafin ran 25.

Ubangiji ya ba mu Kirsimati mai albarka, ya kai mu wata mai zuwa lafiya. Amin.