Daga Landan Zuwa Faris: Hutun Kwana Biyu A Jirgin Ƙasa

Yau hirar tamu ta tafiya ce. Da yawa daga cikinmu Allah ya kai su Ingila, wata ta bi maigida karatu ko aiki, wata ta je taya 'yarta zaman jego. Sai ki ga mace ta shekara a Landan, daga kicin sai makarantar yara sai kanti, alhali Faris, babban birnin Faransa, tafiyar awa biyu da kusan minti 20 ce a jirgin ƙasa. Ku fita ranar Juma'a da yamma, ku dawo Lahadi, yara ba su rasa makaranta ba.

Jirgin sunansa Eurostar. Ya fara aiki a 1994, kuma tun 2007 daga tashar St Pancras yake tashi, ya sauke ku a tashar Gare du Nord da ke cikin gari. Yana bi ta wani rami mai tsawon kilomita 50 da aka haƙa a ƙarƙashin tekun da ya raba ƙasashen biyu. Kada gabanki ya faɗi, ba za ki ga ruwa ko kifi ba. Duhu ne kawai na kamar minti 20 a tagar jirgin, sai ku ɓullo a ƙasar Faransa. Ga mai goyo ya fi jirgin sama sauƙi: za ki shiga da ruwanki da madarar jariri da guzurinki, yaron da bai kai shekara 4 ba kuma ba a biya masa in a cinyarki zai zauna.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Wata ƙawata sun sayi tikiti ita da maigidanta da yara uku, sun kama ɗaki a otal, yara sun kwana suna murna. Da suka je tasha sai aka dawo da su, domin jami'an shige da fice na Faransa a nan Landan suke duba fasfo kafin a hau jirgi. Su a zatonsu takardar zaman Ingila ta wadatar. Ba haka ba ne. Ingila ba ta cikin ƙasashen Shengen, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana sai ya nemi bizar Shengen daban, kowane yaro da tasa. Kuɗinsu ya tafi, ƙaramar yarinyar ta yi ta kuka har gida. Saboda haka 'yar uwa, biza tukuna, kuma a fara nemanta makonni kafin ranar tafiya. Ranar tafiyar ku isa tasha da kamar awa ɗaya da rabi a hannu. Ki kuma tuna agogon Faransa yana gaban na Ingila da awa ɗaya, kada jirgin dawowa ya bar ku.

Abu na biyu, sutura. Babu mai hana ki yawo da hijabinki ko mayafinki a titi ko kasuwa ko gidan tarihi. Amma tun 2011 dokar Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a, kuma ana cin tarar da ta kai Yuro 150. Idan ke mai niƙabi ce, ku zauna da maigida ku yi shawara tun kafin a kashe ko sisi.

Salla kuwa Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi. Nisan ya wuce na ƙasaru nesa ba kusa ba, zaman kuma bai kai kwana huɗu ba. Ki saka ƙaramar sallaya a jaka, ki duba lokutan sallar garin, domin da bazararsu rana takan kai bayan ƙarfe tara da rabi na dare ba ta faɗi ba. Abinci ma ba abin damuwa ba ne, Musulmi 'yan Aljeriya da Maroko da Senegal da Mali sun cika garin. Unguwar Château Rouge, kusa da tashar da za ku sauka, kamar kasuwar gida take: ga kuɓewa, ga doya, ga manja, ga atamfa, ga mahautan halal. Sai dai ki riƙa tambaya kafin ki saya wa yara burodi mai nama a ciki, don naman alade ya yi yawa a abincinsu.

Yanzu ga babbar shawarata. Kada ku ce sai kun ga Faris duka a kwana biyu. Wuri biyu a rana ya isa. Ranar Asabar da safe ku je hasumiyar Eiffel, wadda aka kammala a 1889, tsayinta mita 330. Ku sayi tikitin hawa ta intanet tun kuna gida, in ba haka ba layi zai cinye muku safiya. Da azahar ku wuce Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926, don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yaƙi a ɓangaren Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ku yi salla, ku sha shayin na'ana'a a farfajiyarsa, yara su tsallaka lambun Jardin des Plantes da ke daura da shi su yi guje-guje. Ranar Lahadi sai gidan tarihi na Louvre, inda aka buɗe sashen kayan fasahar Musulunci a 2012, kuma 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta suke shiga. A jirgin ƙarƙashin ƙasa ki rataya jakarki ta gaba, akwai 'yan sane. In za ki yi wa mutum tambaya, fara da "bonjur", gaisuwarsu ke nan, za ki ga fuska ta saki.

Abin da ya sa na dage a kan kada a cika yawo shi ne, hutun har da ke aka yi shi. Mu mata mun saba, ko hutu aka je mu ne masu goyo, mu ne masu ɗaukar jaka, mu ne masu lallashi, a dawo gida mun fi kowa gajiya. Tun a gida ki raba aiki cikin hikima da ladabi: fasfo da tikiti a hannun maigida, babban yaro ya goya jakarsa, kaya kuma kala biyu-biyu sun isa. In yara sun yi barci a jirgi, kada ki ɗauko waya. Ki juya ki yi hira da mijinki, irin hirar da hidimar gida ta daɗe da hana ku. In kuma aljihu bai kai ba bana, kada ki takura masa ko a ci bashi don hoto. Ku riƙa ajiye kaɗan-kaɗan, tikitin ma ya fi araha in an saye shi da wuri.

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya ƙara mana zaman lafiya a gidajenmu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.