In Za A Tsuke Bakin Aljihu A Jami'a, A Fara Daga Sama

Manoma da makiyaya, masunta da 'yan kasuwa, da iyayenmu mata da ake karanta wa wannan takarda a cikin gida, ku ba mu aron kunnuwanku. Yau maganar jami'a za mu yi. Kada wani ya ce, "Ni da ban yi boko ba, ina ruwana da jami'a?" Da ruwanka, malam. Da kuɗin jama'a aka gina ta, da kuɗin jama'a ake biyan ma'aikatanta, kuma ɗanka ko jikanka ne zai shige ta.

Jami'ar nan ta Wudil, wadda ke kan hanyar Gaya, ta Gwamnatin Jihar Kano ce. Ta fara karatu a 2001 da sashen aikin gona da sashen kimiyya. A 2022 aka sauya mata suna, aka sa mata na Alhaji Aliko Ɗangote. To, suna ne kawai ya sauya, nauyinta yana nan a wuyan gwamnatin jiha. Gwamna shi ke naɗa majalisar da ke gudanar da ita, 'yan Majalisar Dokoki su ke amincewa da kasafin kuɗinta. Su kuwa duka ku ne kuke zaɓensu. Kun ga inda ƙuri'arku ta shigo ke nan.

Ba mu musun cewa riƙon jami'a ya yi tsada. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kome ya tashi. A watan Afrilu 2024 aka ƙara kuɗin lantarki ga masu layin da ake kira rukunin A, yunit ɗaya ya tashi daga naira 68 zuwa naira 225. A cikin shekarar ta 2024 kamfanin KEDCO ya yanke wa jami'ar Wudil wuta saboda bashin da ya haura naira miliyan 200. Ku dubi abin da wannan ke nufi a makarantar kimiyya. In babu wuta, injin ba zai tura ruwa tanki ba, na'urorin ɗakin gwaje-gwaje za su tsaya, yaro zai yi karatun jarrabawa da fitilar waya. Saboda haka tsimi ya zama tilas. Abin tambaya shi ne, a jikin wa wuƙar za ta sauka?

Iyayenmu sun san amsar da aka saba bayarwa. A 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka ce kuɗi sun yi ƙaranci, sai aka ƙara wa ɗaliban jami'a kobo 50 a kan kuɗin abinci na kowace rana. Ɗalibai suka fito suna neman a cire Kwamishinan Ilmi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. Aka harbi yara a Legas, aka harbe su a Zariya, waɗansu suka rasu. A kan kobo 50! Tun daga ran nan in an ce jami'a ba kuɗi, aljihun uban yaro ake fara dubawa. Uban yaron nan kuwa mun san shi: shi ne wanda ke jan ɗan maraƙinsa zuwa kara ran Juma'a, ya sayar ba don yana so ba, sai don rajista ta zo.

A watan Agusta 2023 Gwamnatin Kano ta rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantunta. Iyaye sun ji sanyi, mu ma mun ji. Amma wanda ya rage abin da ke shigowa, lalle ne ya cike gurbin daga baitulmali, ko kuwa ya nuna inda za a rage ɓarna. In ba haka ba, yaro ya biya kaɗan, ya tarar da aji babu kayan aiki.

Ku manoma ba sai an koya muku tsimi ba. In rumbu ya yi ƙasa, maigida yakan rage hidimar biki, ya haƙura da sabuwar riga. Amma ba ya taɓa iri, domin wanda ya ci iri ya ci damina mai zuwa. Irin jami'a shi ne malami, da ɗakin gwaje-gwaje, da laburare, da gonar koyar da ɗalibai. Sauran duk hidima ce.

Hidimar nan kuwa ta yi yawa a jami'o'in ƙasar nan. A buɗe sabon ofis, a naɗa masa darekta. Darekta sai da mota, mota sai da direba da mai, ofis sai da sakatare da na'urar sanyaya ɗaki, ga alawus na zama, ga kuɗin tafiya taro a otal. Ofis biyu na aiki iri ɗaya, takarda guda sai ta bi tebur bakwai kafin a sa mata hannu. Ni kaina na koyar a wata makarantar ƙauye, na sha sayen alli da kuɗina, alhali masu zuwa duba mu ba su taɓa rasa man mota ba. Don haka in muka ji an ce za a yi garambawul, sai gabanmu ya faɗi, domin sau da yawa mai shara da mai gadi ake fara sallama, watau 'ya'yan Utai da Darki da Indabo masu ɗan ƙaramin albashi, manyan kujeru kuwa ko girgiza ba su yi ba.

Ga abin da muka tsaya a kai. A haɗe ofisoshin da aikinsu ya zo ɗaya, malamin da aka mai da ma'aikacin ofis ya koma aji. A daina ɗaukar ma'aikata da takardar ɗan siyasa, ko da na jam'iyyarmu ne. Kujerar majalisar gudanarwa kada ta zama tukuicin kamfe. A buga lissafin shiga da fita kowace shekara, da Hausa, a liƙa inda kowa zai gani. Maganar wuta kuwa, ba sai an je nesa ba: a 2019 aka buɗe tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, nan Kano. Rana ba ta fi zafi a Kano bisa Wudil ba. A kafa irinta, kuma a ware kuɗin gyaranta tun daga farko, don kada ta zama kango.

'Yan takara za su zo muku kwanan nan, namu da na waɗansu. In sun gama jawabi, dattijo ɗaya ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa za ku ware wa jami'ar Wudil, kuma in kuɗi sun gaza, me za ku fara yankewa?" Ku sa yaro mai karatu ya rubuta amsar, da ranar, da sunan wanda ya faɗa, a ajiye takardar a wurin mai unguwa.