Da Wane Mizani Za A Auna Malamin Haƙori?

Jami'o'in duniya sun daɗe suna neman hanya mai sauƙi ta sanin darajar malaminsu ba tare da sun sha wahalar karanta abin da ya rubuta ba, kuma tun shekarar 1964, sa'ad da Eugene Garfield ya fito da kundinsa na ƙidayar ambato a Amurka, suka ga kamar buƙata ta biya. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da mai bincike ya kafa hujja da maƙalar wani, sai a rubuta wa mai maƙalar ambato guda. A 2005 kuma Jorge Hirsch, masanin fiziya a Kalifoniya, ya dunƙule lissafin cikin lamba ɗaya tak, wadda ake kira ma'aunin h: idan aka ce lambar malami 20 ce, to yana da maƙaloli 20 waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Da wannan lamba ake ƙara wa malamai girma a wurare da yawa a yau, da ita kuma ake ba su kuɗin bincike ko a hana su.

Ni dai a ganina, lambar nan shaida ce da ya wajaba a saurara, amma ganganci ne a ɗora ta bisa kujerar alƙali, kuma ilimin haƙori da dasashi ya ishe mu dalili.

Mu fara da inda lissafi ya yi daidai da gaskiya. A 1965, a birnin Aarhus na ƙasar Denmak, Harald Löe da abokan aikinsa suka sa mutane 12 masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki ɗungurungum. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura, da suka koma ga tsaftar baki kuwa, sai kumburin ya sauka cikin 'yan kwanaki. Da wannan ɗan gwaji aka tabbatar da cewa dattin ƙwayoyin cuta da ke manne wa haƙori shi ne musabbabin ciwon, kuma a kansa aka gina nasihar da likitoci ke yi har gobe. Löe bai tsaya nan ba, ya bi ma'aikatan gonakin shayi a Siri Lanka shekara 15, mutanen da ba su san likitan haƙori ba, ya gano cewa kimanin kashi 8 cikin 100 ne cutar dasashi ke cinyewa da gaggawa, alhali kashi 11 ba ta wuce musu kumburi ba. An ambaci ayyukan nan sau dubbai, kuma sun cancanta.

Amma fa yawan ambato yana da wasu sabubba waɗanda ba su shafi zurfin ilimi ba. Fannin haƙori ƙarami ne idan aka kwatanta shi da binciken sankara, saboda haka gwaninsa ba zai tara abin da matsakaicin malamin wancan fanni zai tara ba. Haka nan, lokacin da masana dasashi suka taru a Chicago a 2017 suka yi ittifaƙi a kan sabon tsarin rarraba cututtukansa, ya zama tilas ga duk mai rubutu bayansu ya ambaci takardun taron, ko ya gamsu ko bai gamsu ba. Sa'an nan ƙidaya ba ta bambance wanda ya ambace ka don ya yaba da wanda ya ambace ka don ya yi maka raddi.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne sha'anin cutar noma, wadda ke farawa daga ruɓewar dasashin yaro mai fama da tamowa, ta ci naman bakinsa da fuskarsa cikin 'yan kwanaki. Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan Nijeriya da ya koyar a Jami'ar Maryland, ya shafe shekaru yana bayyana alaƙarta da yunwa da ƙyanda, an kuma buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999, amma sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Cutar da masu nazarinta ba su da yawa, masu ambaton juna a kanta ma ba za su yi yawa ba. Matashin malamin da ya lura cewa lamba ce za ta kai shi matsayin farfesa, wane dalili zai sa ya ba da rayuwarsa ga ciwon 'ya'yan talakawa?

Malaman hadisi na farko sun san muhimmancin yawan masu ruwaya, amma ba su wadatu da ƙirga ba, sai da suka kafa ilimin tantance maruwaita, suna binciken adalcin mutum da ƙarfin kiyayewarsa ɗaya bayan ɗaya. Masana da editocin da suka tsara sanarwar San Francisco a 2012 kusan abin da suka nema ke nan, wato a hukunta bincike bisa abin da ke cikinsa, a daina jingina ga martabar mujallar da ta buga shi.

Saboda haka kwamitin da zai auna malamin haƙori ya duba lambarsa, sa'an nan ya nemi ya gabatar da maƙaloli biyar da ya fi alfahari da su, a karanta su da idon basira, a tambaye shi abin da suka canja a ɗakin magani, da irin ɗaliban da ya yaye, da al'ummar da ta amfana. Aiki ne mai cin lokaci, lalle, amma jami'ar da ba ta da lokacin karanta malamanta ba ta da hurumin yanke musu hukunci.