Gemu ba ya hana ilimi, amma ba kowane kwas ne ya dace da mai gemu ba

Duk wanda ya leƙa cibiyoyin karatun wucin-gadi na jami'o'in Arewa ranar Asabar da safe zai ga wasu irin ɗalibai da ba a cika maganarsu ba. Akwai malamar firamare da ta bar yara a wurin kakarsu, akwai ɗan sanda da ya sauka daga aikin dare, ga ma'aikacin ƙaramar hukuma da furfura ta fara fito masa, ga kuma ɗan kasuwar da ya bar wa yaronsa shago.

Dukkansu sun yi abin a yaba. Komawa aji bayan shekara 15 ko 20 da ajiye biro ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Sai dai da yawa daga cikinsu sun yi dogon tunani a kan ko za su koma makaranta, amma ba su yi irin wannan tunanin ba a kan abin da za su karanta. Wani abokin aikinsa ne ya ce masa kwas kaza ba ya da wahala. Wata kuma mai shagon intanet da ya cike mata fom ne ya zaɓa mata. Wani sunan kwas ɗin ne kawai ya yi masa daɗi a kunne.

Nan ne asarar take farawa. Matashi ɗan shekara 18 idan ya yi kuskuren zaɓe yana da lokacin gyarawa. Mai shekara 40 kuwa kuɗin cefane ya yanka ya biya kuɗin makaranta, kuma ba lallai ne ya sake samun irin wannan dama ba. Don haka ya kamata babba ya fara da tambaya guda: wace ƙofa wannan takarda za ta buɗe, kuma wa ke riƙe da makullin ƙofar?

Darasin masu digirin shari'a na NOUN

Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, an kafa ta ne a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Ta zama gatan ma'aikata da matan aure da dama da ba za su iya barin gari su tare a harabar jami'a ba.

Amma abin da ya faru da ɗalibanta na fannin shari'a ya isa ya zama izina. Mutane da yawa, akasarinsu manya masu aiki da iyali, sun shafe shekaru suna karatu har suka karɓi digiri. Da suka zo shiga Makarantar Horon Lauyoyi, sai Majalisar Kula da Ilimin Shari'a ta ce ba ta karɓar digirin da aka yi ta hanyar karatu daga gida ko na wucin-gadi. A 2015 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a kwas ɗin. Waɗanda suka riga suka gama suka yi ta kai-komo tsakanin kotu da Majalisar Dokoki. An yi wa dokar jami'ar gyara a 2018, amma sai a 2021 aka buɗe musu wani shiri na musamman na share fage a makarantar lauyoyin.

Jami'ar ta gwamnati ce, digirin kuma ba na bogi ba ne. Duk da haka, ba jami'a ce ke mayar da mutum lauya ba. Wata hukuma ce daban ke da wannan hurumi, kuma ita ce ya kamata a fara tambaya.

Haka abin yake a kusan duk sana'ar da ke buƙatar lasisi. Aikin jinya da unguwar zoma suna da hukumarsu. Injiniyoyi suna da COREN. Malaman makaranta suna da TRCN, wadda aka kafa a 1993, kuma sai mai takardar koyarwa take yi wa rajista. Akantoci suna da ICAN da ANAN. Duk kwas ɗin da ke kai wa ga irin waɗannan ayyuka, amincewar NUC kaɗai ba ta wadatar ba. Dole a bincika ko hukumar sana'ar ta amince da wannan kwas, a wannan makaranta, kuma ta wannan tsarin karatu, domin abin da aka amince da shi ga ɗaliban cikakken lokaci ba lallai ne ya shafi na ƙarshen mako ba.

Lissafin shekarun da suka rage

Tambaya ta biyu ta lissafi ce, kuma ba ta da daɗin ji. A aikin gwamnati ana ritaya ne idan mutum ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ya kama aiki yana da shekara 20, yanzu kuma yana da 45. Idan ya shiga digirin wucin-gadi na shekara biyar, zai gama yana da 50. Shekarunsa 35 na aiki za su cika yana da 55. Ke nan shekara biyar kacal zai ci moriyar takardar a ofis. A tsarin aikin gwamnatin tarayya, ƙarin girma tsakanin mataki na 7 zuwa na 14 sai bayan aƙalla shekara uku yake zuwa. Ma'ana, duk wannan ɗawainiya ba za ta haifar masa da fiye da mataki ɗaya ko biyu ba.

Wannan ba dalilin fasa karatu ba ne. Dalili ne na ya zaɓi abin da zai ci gaba da yi masa amfani bayan ya ajiye aiki, kamar ilimin noma da kiwo idan yana da gona, ko akanta idan yana shirin kama kasuwanci, ko ilimin koyarwa idan yana da burin buɗe makaranta a unguwarsu.

Malamin makaranta kuwa lissafinsa ya bambanta. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a 2022 ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. A jihar da ta fara aiki da wannan tsari, malama mai shekara 38 da ke riƙe da NCE tana da sauran tafiya mai tsawo, kuma digirin koyarwa zai biya kansa sau da yawa kafin ta yi ritaya.

Sannan akwai yajin aiki. Kungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta rufe jami'o'in gwamnati kusan wata tara a 2020, ta sake yin wata takwas a 2022. Wanda shekarunsa suke ƙidayayyu dole ya sa wannan a lissafi tun kafin ya zaɓi inda zai yi karatun.

Gini a kan tsohon tushe

Babban abin da babba ya fi matashi da shi shi ne bai zo hannu rabbana ba. Yana da tsohuwar takarda, yana da shekarun gogewa, ya kuma san mutane a fanninsa. Kwas ɗin da ya fi dacewa da shi galibi shi ne wanda zai hau kan waɗannan abubuwa.

Mai NCE ko difloma ta ND yana iya neman gurbi kai-tsaye ta hannun JAMB ya fara daga aji biyu na jami'a, matuƙar kwas ɗin yana da alaƙa da abin da ya karanta a baya. Idan ya tsallaka zuwa wani fanni daban, wannan rangwame na shekara guda yana iya kuɓuce masa. Ma'aikaciyar jinya mai rajista tana da hanyar yin digirin jinya ba tare da ta bar asibiti ba, domin akwai jami'o'in da suka tanadi hakan ta karatu daga nesa. Wanda yake da digiri a wani fanni amma yana koyarwa ba ya buƙatar sabon digiri. Babbar diflomar koyarwa ta PGDE, wadda Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da jami'o'i da dama ke bayarwa, ta ishe shi samun rajista.

Mai HND ma yana da nasa lissafin. An daɗe ana tsayar da masu wannan takarda a mataki na 14 a aikin gwamnati, kuma ƙudurin da Majalisar Dokoki ta amince da shi a 2021 don kawar da bambancin HND da digiri bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba a wancan lokacin. Kafin irin wannan ma'aikaci ya biya ko sisi, ya kamata ya je sashen kula da ma'aikata na wurin aikinsa ya ji ainihin takardar da za ta cire masa wannan shinge.

A nan ne ma'aikata da yawa ke faɗawa rami. Kowane layin aiki yana da takardun da kundin tsarin aiki ya amince da su. Ma'aikacin lafiya a matakin farko da ya je ya karanto kimiyyar siyasa don an ce ta fi sauƙi, yana iya dawowa ya tarar takardar ba ta motsa shi daga inda yake ba, sai dai ya nemi sauya layin aiki, abin da ya dogara ga samuwar gurbi. Wanda kuma ya tafi karatu ba tare da rubutaccen izini daga ofis ba, yana iya shan wahala kafin a saka takardar a fayil ɗinsa.

Akwai kuma tsohuwar takardar sakandare. Jami'o'i na neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi a mafi yawan kwasa-kwasai. Wanda ya yi fannin adabi a sakandare ba zai shiga jinya ba sai ya samo kiredit a darussan kimiyya. Gara mutum ya ba da shekara guda ya sake rubuta jarrabawar WAEC ko NECO ta 'yan waje, ya shiga kwas ɗin da yake buƙata, da ya kwashe shekara biyar a kwas ɗin da tsohon sakamakonsa ya tilasta masa.

Tarkon gajeriyar hanya

Saboda babba yana jin lokaci na ƙure masa, shi ne ya fi saurin faɗawa hannun masu tallan digiri cikin gaggawa. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya zauna a aji ba. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Matakin ya jefa har waɗanda suka yi karatun gaskiya a can cikin zullumi.

Araha ba ta ado. Duk wurin da ya yi alƙawarin kwas kowane iri, cikin kowane lokaci, ba tare da duba sakamakon sakandare ba, kasuwanci yake yi da burin mutane.

Ya kamata kuma a san matsayin hidimar ƙasa tun da wuri. Wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala digiri, takardar yafewa NYSC ke ba shi. Wanda ya yi karatun wucin-gadi kuwa, wasiƙar da ke nuna ba ya cikin waɗanda shirin ya shafa ake ba shi. Mai niyyar neman sabon aiki da digirin zai buƙaci ɗaya daga cikin waɗannan, don haka ya tabbata makarantar tana cikin masu tura sunayen ɗalibansu ga hukumar.

To, ina batun sha'awa?

Za a iya cewa wannan magana ta mayar da ilimi kamar hajar kasuwa. Ai akwai wanda ya koma makaranta don cika burin da talauci ko auren wuri ya katse masa, ba don ƙarin albashi ba. Gaskiya ne, kuma wannan buri ba abin rainawa ba ne. Obasanjo ya kai kimanin shekara 80 lokacin da ya kammala digirin digirgir a ilimin addinin Kirista a NOUN, bayan ya mulki Najeriya sau biyu. Ba aiki yake nema ba. Haka dattijon da ya yi ritaya ya shiga karatun Larabci, ko tarihi, ko harshen Hausa, ya yi daidai, kuma al'umma za ta amfana da shi.

Abin gudu shi ne mutum ya yaudari kansa. Wanda ke karatu don sha'awa ya san don ita yake yi, kada ya gama ya fara ƙorafin takardar ba ta kawo aiki ba. Wanda kuma yake fatan takardar ta ƙara masa abin ciyar da iyali, ba shi da damar zaɓar kwas saboda daɗin suna. Kuma ko a cikin kwasa-kwasan da za su amfane shi, sha'awa tana da muhimmanci, domin mai dawowa daga aiki a gajiye ba zai jure karatun dare na shekara biyar a fannin da zuciyarsa ba ta so ba.

Su ma jami'o'i akwai hakki a kansu. Shirye-shiryen wucin-gadi sun zama babbar hanyar samun kuɗin shiga gare su, kuma bai dace a karɓi kuɗin magidanci ba tare da an faɗa masa gaskiya ba. Kamata ya yi kowace sanarwar sayar da fom ta bayyana ƙarara matsayin amincewar NUC ga kwas ɗin, da matsayin hukumar sana'ar da abin ya shafa, da kuma ainihin shekarun da karatun zai ɗauka. Ma'aikatu ma su riƙa fitar da jerin takardun da suke amincewa da su ga kowane layin aiki, maimakon su bari sai ma'aikaci ya gama karatu sannan a ce masa bai yi daidai ba.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan mai komawa makarantar. Ziyara ɗaya zuwa sashen kula da ma'aikata, da duba sunan kwas a jerin NUC, da tambayar hukumar da ke ba da lasisi, da zama da mutum biyu ko uku da suka gama wannan kwas shekara biyar da suka wuce don jin inda takardar ta kai su, duka ba za su ɗauke shi fiye da mako biyu ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma mako biyu na tambaya ba komai ba ne idan aka kwatanta da shekara biyar da kuɗin makarantar yara da za a iya zubarwa a kan takardar da za ta ƙare a ƙarƙashin katifa.