Sharuɗɗan da Ke Cikin Takardar Fili

Takardar mallakar fili tana zuwa ne da sharuɗɗa, kuma su ne ɓangaren da masu fili suka fi tsallakewa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama da noma a karkara. Izinin gwamna na filin gida yakan kai shekara 99, bisa sharaɗin a gina wurin cikin wa'adi, a yi amfani da shi don abin da aka bayar da shi, kuma kada a sayar ko a jinginar sai da amincewar hukuma. Wanda ya saɓa, doka ta ba gwamna damar soke izinin.

Ɗaya daga cikin manufofin sharuɗɗan ita ce kare maƙwabci. Filin da aka rubuta na zama ne bai kamata a wayi gari an kafa injin casar shinkafa ko gidan mai a cikinsa ba, domin ƙura da ƙara da haɗarin gobara ba sa tsayawa a katangar mai shi. Al'ada ma ta san da haka tun kafin takarda: mai unguwa da dagaci sukan hana a juya indararo cikin gidan wani, ko a buɗe taga tana leƙen tsakar gidan maƙwabta, ko a toshe burtali.

Ana ganin matsalar rashin irin waɗannan sharuɗɗa a gonakin arewacin Kano, kamar Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir, inda gona ke manne da gona, gari kuma yana ta matsowa. Magada sukan yanka gonar gado fuloti-fuloti, dillali ya kawo mai saye, a rubuta takardar ciniki gaban shaidu. Tana faɗin tsawo da faɗi da kuɗi, amma ba kasafai take ambaton hanya ko magudanar ruwa ba. Kowa sai ya ja katangarsa har bakin iyaka, lungu ya matse yadda amalanke ba ta shiga, ruwan Agusta ya rasa mafita ya kwanta a gindin ginin ƙasa.

Ya kamata ƙananan hukumomi da masu unguwanni su ƙi amincewa da cinikin fuloti sai an ware hanya da kwata, an kuma rubuta su cikin takardar.